Ranar da Kaka Bai Tashi da Azahar Ba

Yau kwana goma sha tara da rasuwar kakana, Malam Sabo, wanda tsofaffin Jimeta suka fi sani da Ƙi-Faɗi. Sista Rifkatu maƙwabciyarmu ce ta ce in rubuta yadda jinyarsa ta kasance, wai ko wani zai amfana, ko kuma zuciyata ta yi sauƙi. Sauƙin dai bai zo ba. Sati bakwai muka yi muna jinya, kuma cikin sati bakwai ɗin nan abu ɗaya nake jira, ya buɗe baki ya ce ya yafe mini. Amma sai na fara gaya muku ko shi wane ne, in ba haka ba za ku ce ba ni da hankali.

Kaka ɗan wasan majigi ne. Ni ban taɓa ganin majigi ba sai a bakinsa. Mota ce ta gwamnati take bin ƙauyuka da farin ƙyalle, a kafa a dandali a nuna wa mutane fim na wayar da kai. Ya ce da farko hotunan bebaye ne, wani ne yake tsayawa da lasifika yana faɗin abin da ake yi. Yana saurayi ya tafi Kaduna neman aiki, sai ya faɗa daidai lokacin da aka fara ɗaukar muryar 'yan wasa tare da hotonsu. Ya ce a nan kyawawa da yawa suka sha ƙasa. Mutum ga tsawo ga hanci, amma da an miƙo masa abin magana sai murya ta maƙale. Shi kuwa gajere ne, ga haƙori a karye, sai dai Allah ya ba shi tari da nishi. Yakan ce, "Tarina aka fara saya kafin a dubi fuskata."

Bai taɓa fitowa a jarumi ba. Kullum shi ne mutumin da ba ya jin magana. In fim ɗin na ruwan sha ne, shi zai kamfaci ruwan kududdufi. In na rigakafi ne, shi zai ɓuya a rumbu. Daga ƙarshe a nuna shi kwance yana nishi, baki a karkace, mai hankali yana tsaye a kansa da farar riga yana girgiza kai. Ba wanda ya riƙe sunan mai hankalin. Shi kuwa Ƙi-Faɗi ya bi shi har tsufa. Ya ce sau goma sha huɗu ya mutu a fim, ba a taɓa barinsa ya yi aure ko sau ɗaya ba. Da aka daina majigi ya dawo gida ya yi masinja a wata ma'aikata, yana wasan rediyo in an kira shi. Da masu fim na kaset suka taso sukan zo su ɗauke shi ya fito a maigadi ko majinyaci. Ko hoto ɗaya na wancan zamanin babu a gidanmu. Ya ce faya-fayan suna can wani sito, in gara ta bar su.

Ni a hannunsa na girma. Babana direba ne, muna zaune a Mubi lokacin rikicin. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin ya fita bai dawo ba, har yau. Ina shekara goma sha ɗaya. Kaka ne ya biyo hanya ya same mu, ni da mahaifiyata, bayan mun kwana biyu muna tafiya a ƙasa. Motoci cike suke, ba mai tsayawa. Sai kawai ya zube a bakin titi, ya karkace baki, ya saki hannu, yawu yana dalala. Na fasa kuka da gaske. Wani mai akori-kura ya tausaya ya tsaya, aka ɗora mu. Haka ya kwanta har muka wuce shingayen sojoji, muka haye gadar Jimeta, sannan ya buɗe ido ɗaya ya ce mini, "Amarya, mun iso?" Daga baya mahaifiyata ta yi aure a Girei, ni na zauna wurinsa tare da Goggo Asta, ƙanwar babana, mai sayar da kayan miya a kasuwa.

Kun san wasan jika da kaka. Yana ce mini Amarya, ina ce masa tsohon ango. In na makara da kunun safe sai in tarar da shi a zaure a sheme, baki a karkace. In ya tashi sai ya ce, "Kin kashe mijinki da yunwa, za ki yi takaba babu gado." Wani lokaci minti biyar ne. Wani lokaci in na ƙi kula shi sai ya yi taurin kai ya kai hantsi a kwance. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kiran sallah yana yanke wasa.

Wata Asabar ce, cikin zafin nan na kafin damina. Na makara. Na tarar da shi a gicciye kan tabarma, buta a kife, yana wani gurnani. Na yi dariya, na ce, "Yau kuma sabon salo? Har da kifar da buta?" Ya bi ni da ido. Na ciro waya na ɗauke shi bidiyo. Ana jin muryata a ciki ina cewa, "Jama'a a zo ta'aziyya, ango ya mutu karo na goma sha biyar." Na tura gurup ɗin dangi. Bappa Iliya, wan babana, ya turo dariya, ya rubuta wai tsoho bai tsufa ba. Na ajiye kunun a gefensa, na ɗauko mayafi na rufe shi har wuya, na ce, "Gawa, ga kunu nan in kin ji yunwa." Na hau keken haya na tafi unguwar Bekaji, shagon da nake koyon ɗinki. Goggo tun sassafe ta tafi kasuwa.

Wajen ƙarfe uku na dawo. Kunu yana nan yadda na ajiye, ƙuda sun rufe shi. Tabarma a jiƙe da fitsari. Masallacin unguwa an daɗe da idar da azahar. Na ruga na kira Sista Rifkatu.

Sista Rifkatu tsohuwar nas ce, mutuniyar Numan, katanga ɗaya ta raba mu. Kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. Ta zo da zani a ƙirji, ta ɗaga hannunsa na dama ta saki, ya faɗi kamar tsumma.

"Baba Sabo, matse hannuna. Matse." Ta juyo ta dube ni. "Tun yaushe yana haka?"

Na ce ban sani ba. Ƙarya na yi.

"Kai je ka kira keke. Kar ka tsaya neman takalmi."

A asibiti muka ƙara ɓata lokaci a layin kati, Sista tana ta faɗa da mai rubutu har aka shigar da mu. Goggo da Bappa suka iso. Likitan matashi ne. Ya ce, "Ƙarfe nawa abin ya fara?" Goggo ta ce ba ta gida. Sai Bappa ya ce, "Ai akwai bidiyo," ya miƙa masa wayarsa. Likita ya kalla a gaban kowa, da muryata a ciki. Ya duba lokacin da aka tura, takwas da minti goma. Ya duba agogon hannunsa, biyar saura. Bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya toshe a kai. Wannan ciwon da agogo ake yin sa. Awannin farko su ne namu, in suka wuce sai mu yi aiki da abin da ya rage."

Satin farko duk a tsaye muka yi shi. An ce a yi hoton ƙwaƙwalwa, na'urar ba ta aiki, sai Litinin muka ɗauke shi muka kai wani wuri a Yola muka dawo da shi, yana ta girgiza a bayan mota. Aka ce yana da hawan jini wanda ya daɗe. Ba wanda ya taɓa kai shi awo a cikinmu, har Bappa mai aikin ofis. Aka sa masa roba ta hanci don abinci, da wata ta fitsari. Akwai nas ɗin da in ka kira ta sai ta gama danna waya. Akwai kuma wata, Allah ya saka mata, da ta koya mini yadda ake juya shi ba tare da na ja hannun da ya mutu ba.

Rana ta huɗu ina goge masa baki sai na lura da wani abu. Duk wasansa hagu yake karkatar da baki. Ya ma taɓa gaya mini dalili, wai haƙorin da ya karye yana hagu, mai ɗaukar hoton ya ce ta nan ya fi ban dariya, shi ke nan ya saba. Wannan kuwa dama ne. Shekara tara ina kallon hagu kusan kullum, ranar da ya koma dama ban gani ba. 

A sati na biyu masu dubiya suka fara cika ɗakin. Gadon da ke kusa da namu wani dattijo ne daga Mbamba mai ciwon ƙafa. Ya daɗe yana kallon Kaka, sai ya ce, "Wai ba Ƙi-Faɗi ba ne wannan? Wallahi shi ne. Ina yaro na gan ka a garin Song, ka sha ruwan rafi cikinka ya kumbura. To yanzu kuma me aka faɗa ka ƙi ji?" Ɗakin duka aka yi dariya. Ba da mugunta ba ne, na sani. Abokansa na rediyo ma da suka zo haka suka yi. Ɗaya ya dafa ƙafarsa ya ce, "Tashi mana, Sabo, an gama ɗauka." Mutane ba su iya ganinsa a kwance su yi shiru ba, ba su taɓa koyo ba. Shi kuwa hawaye ne yake gangarowa ta ido ɗaya yana shiga kunne, ina gogewa.

Shawara kuwa kowa da tasa. Wannan ya ce a kira wanzami a yi masa ƙaho a ƙeya. Wannan ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Aka kawo rubutu a galan, aka kawo wani kitse a kwalba wai a shafa a ɓarin da ya mutu. Sista Rifkatu ta tsaya a bakin gado ta ce wa Goggo, "Addu'a ku yi, ni ma ina yi. Shafawa ku shafa. Amma kome kar ya shiga bakinsa, ko ruwa. Ba ya iya haɗiya."

Kwana goma sha ɗaya bai ce uffan ba. Ranar nan da hantsi Goggo ta ce masa, "Baba, za mu canza maka riga," sai ya ce, "To." Goggo ta saki rigar ta fashe da kukan murna. Na kira Bappa, na kira mahaifiyata. Na ce a raina shi ke nan, magana ta fara dawowa, in ta ƙara kaɗan zan durƙusa in roƙe shi. Kafin la'asar muka gane. Kana jin zafi? To. Ka san Asta? To. Mene ne sunanka? To. Likita ya ce wurin magana ne ya taɓu a ƙwaƙwalwar, kalmar da ta rage ita za ta riƙa fita ko me yake so ya faɗa. Na bi shi har baranda na ce, "Likita, sauran za su dawo?" Ya ce, "A shekarunsa, kada in yi miki alkawari."

Sati na uku aka sallame mu, aka ce mu riƙa kawo shi gashi, wato a motsa masa ɓarin da ya mutu. Ba zan tsaya lissafi ba, amma firjin Goggo a nan ya tafi, keken ɗinkin da ake tara mini ma ban ƙara jin zancensa ba, ban kuma tambaya ba. Wasu samari masu fim suka zo gida su huɗu, suka tsuguna kusa da shi aka yi musu hoto, suka sa a waya wai a taimaka wa tsohon ɗan wasa. Addu'a dai an yi ta rubutawa a ƙasan hoton. Ba su ƙara dawowa ba. Wanda ba zan manta ba shi ne mai keken da yake kai mu gashi, magidanci ne, shi yake rungumar Kaka ya sa shi a ciki, sau da yawa ya ƙi karɓar komai. Ya ce babansa yana yawan ba su labarin Ƙi-Faɗi.

Sati na huɗu da na biyar su ne na zafi. Ba wuta, ɗaki kamar tanda. Ni da Goggo muna karɓa-karɓa da mafici, muna juya shi, duk da haka gyambo ya fito masa a ƙugu. Sista takan shigo kowace safiya ta wanke, har ranar Lahadi kafin ta tafi coci, da kwalliyarta da komai. Na daina zuwa ɗinki. Bappa kuwa ya daina yi mini magana kai tsaye. In ya kawo magani sai ya ce wa Goggo, "Ki ba mai bidiyo." Ranar nan Goggo ta gaji ta ce wa wan nata, "Hamma, kai ma fa ka turo dariya. Kana zaune da mota a ƙofa." Ya juya ya fita. Bai ƙara faɗa ba, amma bai ƙara duban fuskata ba.

Kowace safiya ina zama in ce masa, "Kaka, ce Amarya. A-mar-ya." Ya kalli bakina, nasa yana rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, sai ya ce, "To." Wani lokaci sai ya runtse ido ya juya kai bango.

Ƙarshen sati na biyar ya fizge robar hancin da hannunsa na hagu. Ranar Juma'a ce, komawa asibiti sai an nemi mota an bi layi. Wata gwaggon Goggo da ta zo dubiya ta ce, "Ai shi ma ya gaji. Mutum da bakinsa ana ɗura masa abinci ta hanci? Ku ba shi kunu, jikinsa zai yi ƙarfi." Sista ta tafi Numan biki. Goggo ta dama kunu ruwa-ruwa ta ba shi a cokali. Na farko ya wuce, na biyu ya wuce, muka dubi juna muna murmushi. A na biyar ya sarƙe. Ya yi tari har fuskarsa ta yi baƙi. Na san tarin Kaka kala-kala, na ƙi-magani, na mai shan taba, na wanda mutuwa ta zo wa. Wannan ba ya cikinsu. Kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji yana kurkur. Muka koma asibiti. Aka ce kunun ya bi hanyar iska ya sauka a huhu. Ni na riƙe kansa lokacin da ake ba shi, don haka ba zan ɗora wa Goggo ita kaɗai ba.

Abin da nake so in gaya wa duk mai tsoho a gida shi ne, in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ku ɗauke shi a take. Ko da mutumin da ya fi kowa wasa ne a duniya. Gara ya tashi a gaban likita ya yi muku dariya, ku dawo gida kuna jin haushi. Ku riƙa kai su awon jini. In an ce kada a ba su abu ta baki, kada tausayi ya sa ku ba su. Ina godiya ga Sista Rifkatu, da nas ɗin da ta koya mini juyi, da mai keke, da dattijon Mbamba da ya aiko ɗansa da lemo bayan an sallame shi. Waɗanda suka yi hoto suka tafi, Allah ya gani.

A sati na bakwai likita ya ja Bappa gefe ya ce a sanar da na nesa. Ranar Talata dangi suka cika ɗakin, ana shiga ɗaya bayan ɗaya ana neman gafara. Bappa ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce, "To." Goggo ta roƙa, ya ce, "To." Mahaifiyata ta zo daga Girei, ita ma haka. Kowa ya fito yana share hawaye yana cewa alhamdulillahi, ya yafe. Ni na ƙi shiga layin. Sai da aka kira la'asar suka watse, ɗakin ya rage ni da shi, sannan na ja kujera.

Ya rame har ana ganin ƙashin goshinsa. Idonsa biyu. Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce na gan ka kana bi na da ido na yi dariya. Na ce na rufe ka da mayafi cikin zafin nan na tafi. Na ce a shago ma sai da na nuna wa 'yan mata bidiyon muka ƙara dariya, kai kana nan a zaure kana jin kiran azahar. Na ce, "Kaka, ka yafe mini?"

Ya ce, "To."

Na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na kifa kai a gefen gadon na yi kuka. Da a nan na tashi na fita da shi ke nan. Amma sai wani abu ya ce mini in tabbatar. Na ɗago na ce, "Kaka, ba ka yafe ba ko? Kana riƙe da ni?"

Ya dube ni, bakinsa ya yi rawa, jijiyar wuyan ta tashi. Ya daɗe yana kokawa da ita. Ya ce, "To."

Murya ɗaya, babu bambanci ko kaɗan. Hannunsa na hagu yana kan nawa, amma haka yake riƙe nas ma in ta zo yi masa allura.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa jinyar ta zama kaffara. Limamin unguwarmu ya ce mini ba da niyya na yi ba, babu laifi a kaina. Goggo kullum sai ta ce, "Ke, ki ci abinci, ai ya ce to, a gabana ya ce wa kowa." Ban gaya mata ba, in ta karanta wannan za ta sani. Su duka sau ɗaya suka tambaya, suka ɗauki amsarsu suka tafi gida. Ni kaɗai na tambaya sau biyu.